Tufafin da ake cewa ba sa cutar da muhalli: ina gaskiyar take tsakanin gona, marina da wurin buga zane?

Me ake nufi idan kamfani ya rataya wa riga ƙaramar takarda mai hoton koren ganye, ya rubuta a jikinta cewa an yi ta ta hanyar da ba ta cutar da muhalli? Shin audugar ce aka noma ba tare da feshin maganin ƙwari ba, ko rinin ne aka yi da ruwa kaɗan, ko kuwa tawadar da aka buga zanen ƙirji da ita ce ba ta da guba? Tambayar ta daina zama ta masu fafutuka su kaɗai tun da hukumomi suka tsoma baki a ciki. A watan Satumban 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasar Holan ta sa kamfanonin sayar da tufafi na H&M da Decathlon suka amince su gyara ko su janye irin waɗannan kalamai, saboda ba su bayyana wa mai saye abin da suke nufi da su ba, kuma suka ba da gudummawar Yuro 500,000 da Yuro 400,000 ga ayyukan da suka shafi muhalli. A watan Maris na 2024 takwararta ta Birtaniya ta karɓi alkawari makamancin wannan daga ASOS da Boohoo da sashen tufafi na Asda.

Abin da ke jawo ruɗani shi ne mai saye ba ya ganin komai sai abin da aka rubuta masa, kuma abin da aka fi rubutawa shi ne irin zaren. Alhali riga kafin ta iso kanti ta bi ta hannu da yawa: an noma ko an haɗa zarenta, an kaɗa, an saƙa, an wanke, an rina, an yanka, an ɗinka, an buga mata zane, kuma sau da yawa kowane mataki a wata ƙasa daban aka yi shi. Gyaran mataki ɗaya ba ya wanke sauran.

Girman lamarin, da alƙaluman da ya kamata a yi hattara da su

A shekarar 2000 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 58 na zare iri-iri, a 2023 kuwa adadin ya kai kimanin tan miliyan 124, kamar yadda ƙungiyar Textile Exchange mai bin diddigin wannan fanni ta ƙididdige. Yawan jama'ar duniya bai ninka ba a cikin wannan lokaci, ke nan kowane mutum ne yake cinye yadi fiye da da, musamman a ƙasashe masu arziki inda kayan yayi masu araha ke sauyawa a kantuna duk bayan 'yan makonni.

Game da hayaƙin da ke ɗumama duniya, ƙiyasin da ake da shi bai tsaya wuri guda ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya takan ce masana'antar tufafi na fitar da tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma wannan tazara mai faɗi ita kanta shaida ce cewa lissafin yana da wuya. Akwai kuma maganar da ta yi fice a kafofin sada zumunta cewa masana'antar tufafi ita ce ta biyu wajen gurɓata duniya bayan ta man fetur. Waɗanda suka bi sawun wannan magana ba su samu wani bincike da ta dogara a kansa ba. Ambaton wannan yana da amfani, domin ƙarin gishiri daga ɓangaren masu suka yana bai wa kamfanoni damar yin watsi da sukar gaba ɗaya, alhali abin da aka tabbatar ma ya isa abin damuwa.

Zare: babu wanda ya fita fes

Yawancin mutane sun ɗauka cewa zaren da ya fito daga gona shi ne mai kyau, na masana'anta kuma shi ne mugu. Lamarin bai kai haka sauƙi ba. Auduga tana ruɓewa a ƙasa idan an yar da ita, amma nomanta na shan ruwa ƙwarai a inda ake ban-ruwa, kuma tana cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshin maganin ƙwari. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne lita 2,700 na ruwa ga riga mai gajeren hannu guda ɗaya, sai dai wannan matsakaici ne kawai, domin audugar da damina ta shayar ba daidai take da wadda aka janye kogi dominta ba. Misalin da ya fi kowanne muni shi ne Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a da yake na huɗu cikin manyan tafkunan duniya. Tun daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, har mafi yawan tafkin ya ƙafe, jiragen kamun kifi suka rage a kan rairayi, iska kuma tana kwasar ƙura mai gishiri da ragowar maganin feshi tana watsa wa garuruwan da ke kewaye.

Audugar da ake nomawa ba tare da takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba tana rage guba a gona, tana kuma kare lafiyar manomi, amma amfanin da take bayarwa a kowace kadada yakan gaza na sauran, kuma ba ta wuce ɗan kaso ƙalilan na audugar duniya ba. Idan aka dubi yawan rigunan da ke ɗauke da sunanta a kasuwa, dole mutum ya yi tambaya. A 2020 hukumar da ke kula da ma'aunin GOTS, wato tambarin da ke shaida yadin irin wannan auduga, ta bankaɗo takardun bogi a Indiya da suka shafi kimanin tan 20,000 na audugar da aka sayar da wannan suna ba tare da ta cancanta ba.

Poliyesta, wadda yanzu ta haura rabin duk zaren da ake samarwa, daga ɗanyen mai ake yin ta. Ba ta buƙatar gona, tana da ƙarko, tana bushewa da wuri, amma ba ta ruɓewa, kuma duk wankin da aka yi mata tana zubar da ƙananan zaruruwa na roba waɗanda ido ba ya gani, su bi ruwan wanki zuwa koguna da teku. Amsar da kamfanoni suka fi bayarwa ita ce poliyestar da aka sake sarrafawa, kuma gaskiya ne samar da ita ba ya cin makamashi kamar sabuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kusan dukkanta daga gorunan ruwa da na lemo ake yin ta, ba daga tsofaffin tufafi ba. Gora tana iya komawa gora sau da dama, amma da zarar ta zama riga, an rina ta an gauraya ta da wani zare, da wuya ta sake zama wani abu, kuma zubar da zaruruwan roba yana nan yadda yake. A nan ana iya cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai zaren da ake samu daga itace, wato fiskos ko reyon. Asalinsa tsiro ne, amma kafin katako ya zama zare mai laushi sai an narkar da shi da sinadarai masu ƙarfi, ciki har da wani haɗin kabon da farar wuta da aka daɗe da sanin yana lalata jijiyoyin ma'aikata. Yawancin yadin da ake tallatawa da sunan itacen gora wannan fiskos ɗin ne, shi ya sa a 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa aka ci tarar manyan kantunan Walmart dala miliyan 3 da Kohl's dala miliyan 2.5 kan irin wannan talla. Akwai ingantacciyar hanya da ke samar da zaren layosel, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayarwa da sunan Tencel, inda ake maido da fiye da kashi 99 cikin 100 na sinadarin narkarwa a sake amfani da shi maimakon a zubar.

Marina da tukunyar tururi: a nan gizo ke saƙar

Matakin da ba a rubutawa a jikin riga shi ne ya fi kowanne nauyi. Yadin da ya fito daga masaƙa ba ya karɓar rini haka nan, sai an wanke sitacin da aka shafa wa zare lokacin saƙa, an dafa shi don cire maiƙo, an yi masa bilicin, sannan a rina, a ɗauraye sau da yawa, a busar, a gyara masa laushi. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar ruwan zafi ko tururi. Poliyesta ma ba ta shan rini sai an kai ta kusan digiri 130 a cikin rufaffiyar tukunya. A Sin da Indiya da Biyetnam da Indunisiya, inda ake yin kaso mai yawa na wannan aiki, da kwal ake hura tukwane da yawa, shi ya sa binciken da aka yi kan hayaƙin masana'antar ke nuna cewa sarrafa yadi da rina shi ne ke da kaso mafi girma, ya zarce ɗinki, ya kuma zarce jigilar kaya a jirgin ruwa nesa ba kusa ba. Rigar audugar da ba a yi wa feshi ba, idan an rina ta da tururin kwal, tana iya ɗaukar nauyin hayaƙi fiye da rigar auduga ta yau da kullum da aka rina a masana'anta mai tsabtataccen makamashi.

Sai batun ruwan da ke fita. Rina kilo ɗaya na yadi a tsohuwar masana'anta yakan ci lita 100 na ruwa ko fiye. Rinin da aka fi yi wa auduga, wanda kamfanin ICI na Birtaniya ya fara fitarwa a 1956, yana kama zare da kyau, amma ba ya shiga sai an zuba gishiri mai yawa, har ruwan rinin launi mai duhu yakan fi ruwan teku gishiri. Wani kaso na rinin kuma ba ya kamawa, sai ya fita tare da ruwan ɗauraya. Idan wannan ruwa ya shiga kogi ba tare da an tace shi ba, launinsa yana tare hasken rana, gishirinsa yana kashe gonakin da ke shan kogin, rijiyoyin maƙwabta kuma su lalace.

Garin Tirufur da ke kudancin Indiya, cibiyar ɗinka riguna masu gajeren hannu, ya nuna yadda abin yake da kuma yadda ake gyara shi. Manoman da ke bakin kogin Noyyal sun shafe shekaru suna shari'a, har a farkon 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marinai da wuraren bilicin kusan 700. Dubban mutane sun rasa aiki na wani lokaci. Sharaɗin sake buɗewa shi ne kada ɗigon ruwan rini ya fita waje, wato a tace shi, a mayar da shi cikin aiki, a ƙafar da ragowar a kwashe gishirin. Tsarin ya yi aiki, amma yana da tsada, yana cin wuta sosai, kuma ya bar tarin laka da gishiri mai gauraye da ake neman inda za a kai.

Akwai dabarun da ke rage matsalar tun daga tushe. Ana iya zuba launi a cikin narkakkiyar poliyesta kafin a ja ta ta zama zare, ta yadda ba za a buƙaci marina ba sam, sai dai dole a yi launi ɗaya da yawa, abin da bai dace da kasuwar da ke sauya launi kowane wata ba. Kamfanin DyeCoo na Holan ya ƙera injin da ke rina poliyesta da iskar kabon da aka matse maimakon ruwa, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa. A wajen wandon jins, inda ake koɗe sabon yadi da gangan don ya yi kama da tsoho, hasken leza da iskar ozon sun fara maye gurbin fesa yashi, aikin da ya jawo wa ma'aikata ciwon huhu mai kisa har Turkiyya ta haramta shi a 2009. Amma gyaran da ya fi tasiri ba shi da ƙyalli: toshe bututun da ke yoyon tururi, naɗe tukwane don kada zafi ya tsere, amfani da zafin ruwan da aka zubar wajen ɗumama sabo, da samun launin daidai tun a karon farko don kada a sake rini.

Masu cewa a koma rinin itatuwa suna da hujja, amma ba cikakkiya ba. Tun da William Perkin ya gano rinin masana'anta na farko a 1856, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, buƙatar duniya ta yi girman da gonakin baba da saiwoyi da ɓawon itace ba za su iya ɗauka ba sai an cinye filayen abinci. Ƙari a kan haka, yawancin rinin tsiro ba ya zama a jikin zare sai da gishirin ƙarfe, wasunsu marasa illa kamar alif, wasu kuma masu guba. Ga ƙaramin mai sana'a hanya ce mai kyau, ga masana'antar da ke rina dubban tan kuwa ba mafita ba ce.

Buga zane: tawadar ruwa ba ruwa ba ce

A wajen buga zane da rubutu a jikin riga ne rashin fahimta ya fi yawa, domin a nan ƙananan masu sana'a suka fi yawa, kuma su ne masu sayar da tawada suka fi yi wa daɗin baki. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce bugun raga, wanda masu sana'ar ke kira sikirin. Ana ɗaure raga mai laushi a jikin firam, a shafe ta da wani maganin da haske ke busarwa, a ɗora zanen a haska, sannan a wanke, sai wurin zanen ya buɗe, sauran ya toshe. Ana shimfiɗa riga a ƙasa, a zuba tawada a kan ragar, a ja ta da faifan roba. Kowane launi da ragarsa. Idan aiki ya ƙare sai a kankare tawada, a goge ragar da sinadari mai ƙarfin wari, a wanke maganin da wani sinadarin don a sake amfani da firam. Tambayar muhalli a wannan sana'a tana wajen wankin nan: ina ruwan yake zuwa, ina tsummokaran da suka jiƙe da sinadari suke ƙarewa, kuma me mai aikin yake shaƙa a ɗakin da babu taga?

Tawadar da aka fi amfani da ita, filastisol, garin robar PVC ce da aka kwaɓa da man da ke tausasa ta, kuma ba ta bushewa sai an gasa ta a zafin da ya kai kusan digiri 160. Ita ce ke ba da zanen nan mai kauri da ake ji kamar leda a ƙirji. An daɗe ana sukar ta saboda wasu daga cikin mayukan tausasawar suna taɓa tsarin sinadaran jikin ɗan Adam, har Tarayyar Turai da Amurka suka taƙaita su a kayan yara, kuma ƙona PVC a bola yana fitar da hayaƙi mai guba. Yanzu ana samun nau'in da babu waɗannan mayuka, har da wanda babu PVC.

Ita kuwa tawadar da ake kira ta ruwa, sunanta ne ke yaudara. Ruwa shi ne abin da aka kwaɓa ta da shi, amma abin da ke manna launi a jikin zare ƙaro ne na roba, kuma shi ma daga man fetur yake. Ta fi sauƙi ga huhun mai aiki, ta fi laushi a jiki, amma tana bushewa a kan raga idan an yi jinkiri, ragowarta ba ta daɗewa, kuma tana buƙatar ƙarin lokaci a injin gashi kafin ruwan ya ƙafe, wanda ke nufin ƙarin wuta. Mafi muni, da yake ruwa yana wanke ta, mutane sukan ɗauraye raga kai tsaye a bakin kwata suna ganin ba komai. Filastisol, duk da laifinta, ba ta bushewa a gwangwani, don haka ragowarta takan koma ciki a yi wani aikin da ita. Mai bugun da ke amfani da filastisol mara mugun mai, yana tara ruwan wankinsa a tanki lakar ta kwanta ya tace, ya fi kyautata wa muhalli a kan wanda ya sayi tawadar ruwa yana zubar da ita a lambatu.

Injunan zamani masu buga zane kai tsaye daga kwamfuta sun kawar da raga da wankinta gaba ɗaya. Babbar fa'idarsu ma ba a tawada take ba, tana cikin cewa ana iya buga riga ɗaya tak bayan an samu mai saye, maimakon a buga ɗaruruwa a zauna jiran kasuwa. Amma kowace hanya da nata saura. Wadda ake buga zane a kan fallen leda a manna da zafi tana barin fallen a shara bayan kowace riga. Wadda ake mayar da tawada tururi ta shige zare ba ta buƙatar ruwa, sai dai a kan poliyesta kaɗai take kamawa, kuma tana barin tarin takarda. A manyan masana'antun da ke buga yadi mai tsawon dubban mita da ragar da ke juyawa, asarar tana wajen sauya launi, inda ake wanke raga da bututu da ruwa mai yawa, kuma a nan bugun kwamfuta yana rage ruwa da tawada sosai, ko da yake har yanzu kasonsa a kasuwa kaɗan ne.

Akwai abin da ya fi zaɓin tawada muhimmanci, wato abin da aka buga. Rigar taro ko ta gasa ko ta yaƙin neman zaɓe da aka buga wa kwanan wata da sunan biki, ranar amfaninta ɗaya ce, ko da wace irin tawada aka yi ta. Haka jakunkunan auduga da ake rabawa a tarurruka da sunan kare muhalli. Wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya hayaƙin da aka fitar wajen yin ta idan aka kwatanta da ledar da ake amfani da ita sau ɗaya.

Me tambarin shaida yake tabbatarwa?

Tambura ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma nan ma ana yawan cakuɗa su. OEKO-TEX Standard 100, wanda aka fara a 1992, gwaji ne da ake yi wa kayan da aka gama don a tabbatar babu sinadari mai cutarwa da ya wuce ƙa'ida a jikinsu. Yana kare fatar mai sawa, amma bai ce komai ba game da kogin da ke bayan masana'anta. GOTS ya fi faɗi, domin yana buƙatar aƙalla kashi 70 cikin 100 na zaren ya zama na noman da babu sinadaran masana'anta, yana kuma da sharuɗɗa kan rini da tace ruwa da haƙƙin ma'aikata. Tsarin bluesign na Suwizalan yana duba sinadaran da ke shiga masana'anta tun daga ƙofa. Duk wani tambarin da kamfani ya ƙirƙira wa kansa, babu wata hukuma ta waje da ke duba shi, talla ne kawai. Alamar da'awa ta gaskiya ita ce ta faɗi abu takamaimai da za a iya bincikawa, misali kaso nawa na zaren, a wace masana'anta aka rina, wa ya duba.

Sake sarrafawa, da inda tsofaffin kaya ke ƙarewa

Akwatunan karɓar tsofaffin tufafi da ake ajiyewa a manyan kantuna suna sa mutum ya ɗauka tsohuwar rigarsa za ta dawo sabuwa. Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa abin da ke komawa sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalilan na fasaha ne da na kuɗi. Yawancin yadi gauraye ne na auduga da poliyesta da zare mai talewa, kuma raba su yana da wuya. Auduga idan aka yayyaga ta da inji zarenta yana gajarcewa, sai an haɗa da sabuwa. Maɓallai da zif da zane mai kauri duk sai an cire da hannu. Kamfanin Renewcell na Suwidin, wanda ya gina masana'antar mayar da tsohuwar auduga sabon zare, ya durƙushe a Fabrairun 2024 saboda odar da ya sa rai daga manyan kamfanoni ba ta zo yadda ake tsammani ba, duk da yabon da suka yi ta yi masa a bainar jama'a.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana ɗaure kaso mai yawa a diloli a tura ƙasashen waje a matsayin gwanjo. Kasuwar Kantamanto da ke Akara, babban birnin Gana, tana karɓar miliyoyin kaya a kowane mako, tana ciyar da dubban 'yan kasuwa da teloli masu gyara da sake fasali, kuma wannan shi ne sake amfani na gaskiya. Sai dai ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin dila yana ƙarewa a shara, adadin da ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta musanta tana cewa bai kai haka ba ko kusa. A hamadar Atakama ta ƙasar Cile ma an ga tsaunukan tufafin da aka jibge kusa da tashar jiragen ruwa ta Ikike. Ɗan kasuwar da ya sayi dila bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya, kuma idan kayan sa-ka-yar suka yi yawa a ciki, shi ne ke ɗaukar asara, garinsa kuma ya ɗauki sharar.

Wa zai biya, kuma me zai sauya ga talaka?

Manyan kamfanoni suna nuna cewa ruwa da hayaƙin da ake kashewa a kan kowace riga sun ragu, kuma a wurare da yawa hakan gaskiya ne. Masu suka suna amsawa da cewa ragin da aka samu a kan riga ɗaya yawan rigunan da aka ƙara ya haɗiye shi, kuma alƙaluman samar da zare suna goyon bayansu. Masu masana'antu a ƙasashe irin su Bangaladash, inda tufafi ke kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ake fitarwa, kuma mutane kusan miliyan 4 ke ci daga sana'ar, suna da nasu ƙorafin: babban kamfanin da ke ba su oda yana buƙatar a sauya tukunyar kwal, a gina wurin tace ruwa, a biya kuɗin masu duba, amma idan aka zo ciniki sai ya nemi ragi, ya kuma yi barazanar komawa wata ƙasa. A ganina wannan ƙorafi shi ne ya fi kusa da zuciyar matsalar, domin fasahar tsabtace marina tana nan, abin da babu shi ne yarjejeniyar ciniki mai tsawo da za ta sa mai masana'anta ya yarda ya ci bashi don sayen ta.

Dokoki sun fara matsawa ta wannan fuska. Bayan da aka gano a 2018 cewa kamfanin tufafi na Burberry da ke Birtaniya ya ƙona kayan da ba a sayar ba na fam miliyan 28.6 a shekara guda, Faransa ta haramta lalata irin waɗannan kaya daga 2022, kuma tun ƙarshen 2023 tana rage wa mutane Yuro 6 zuwa 25 daga kuɗin gyaran tufa ko takalmi. Tarayyar Turai ta wajabta tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara daga Janairun 2025, ta kuma sanya 19 ga Yulin 2026 a matsayin ranar fara haramta wa manyan kamfanoni lalata tufafin da suka yi kwantai, tare da shirin bai wa kowace tufa shaidar da za a duba da waya a ga inda aka yi ta da abin da ke cikinta.

Ga mai saye, wannan na iya nufin ɗan ƙarin farashi a kan kaya mafi araha, amma ƙungiyar WRAP ta Birtaniya ta lissafa cewa ƙara wa tufa wata 9 na amfani yana rage nauyinta na ruwa da hayaƙi da shara da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, abin da ba ya buƙatar sayen komai. Ga ƙananan masaƙu da marinai da masu buga zane da ke son sayar wa kasuwannin Turai, nauyin takardu da gwaje-gwaje zai ƙaru, kuma akwai fargabar cewa manya ne kaɗai za su iya ɗauka, ƙanana su fita daga layi ko da aikinsu ya fi tsabta. Ga ƙasashen da ke karɓar gwanjo kuwa, tara tsofaffin kaya da yawa a Turai, alhali masana'antun sake sarrafa su ba su kai ba, yana iya ƙara yawan dilolin da ke isowa, kuma har yanzu ana jayayya kan ko wani kaso na kuɗin da za a karɓa daga kamfanoni don kula da sharar tufafi zai bi kayan zuwa garuruwan da suke ƙarewa.